Aro, Kyauta da Gidan "Iya Rayuwarki"

Daga Zariya: Kakanmu ya ba ƙanwarsa gida, ya ce ta zauna iya rayuwarta. Ta rasu, 'ya'yanta sun ce kyauta ce. Me ake kiran wannan?

Malaman fiƙihu suna ce masa umra. Kada a haɗa ta da Umrar da ake zuwa Makka. Wannan daga "umur" ta fito, wato tsawon rai. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, amfanin gidan aka ba ta, ba gidan ba. Ranar da ta cika, gida ya koma hannun mai shi ko magadansa. Shafi'iyya da Hanafiyya kuwa suna ganin ya zama nata da 'ya'yanta, don haka alƙali sai ya bi diddigin lafazin da kakanku ya furta.

Abin da ke ba ni haushi ke nan. Kakanninmu sun rarrabe aro da haya da jingina da kyauta da sayarwa, kowanne da iyakarsa. Dattijo zai tsaya a bakin kunyar gona, ya dafa sandarsa, ya ce wa dagaci da shaidu, "Aro na ba shi, ya ci amfani, itatuwan ɗorawa nawa ne." Yau kowa "na mallaka" yake cewa, har wanda ya kama shago na shekara ɗaya. Ko mai takardar gwamnati ma ya sassauta murya: tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, abin da ke aljihunka izinin zama ne, galibi na shekara 99.

Lauyoyin Ingila sun daɗe da yanka mallaka gwargwadon lokaci: wani ya riƙe gida iya ransa, wani kuma yana da haƙƙin karɓa bayansa, haƙƙin da zai iya sayarwa tun yau. Magadan kakanku kusan a wannan matsayi suke, ba jiran gawon shanu suka yi ba.

Me ake nufi da "kayan aro ba ya rufe katara"?

Abin da ba naka ba, ba ya suturta ka yadda kake so, kuma mai shi na iya zuwa kowane lokaci. Katara ake cewa, wato wajen cinya, ba "katanga" ba, kamar yadda na ji wani ya faɗa a rediyo.

Jingina da sayarwa ɗaya ne?

A'a. Gonar jingina tana komawa ga mai ita ranar da ya biya bashi, ko da jikansa ne ya kawo kuɗin.

Uba zai iya wasiyyar gona ga ɗansa na fari?

Ba wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda. Ga bare ma, ba ta wuce sulusin dukiya.