Tambaya da Amsa: Ko Za a Iya Dogara da Manhajar Ƙirƙirarriyar Basira a Binciken Siyasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a sashen nazarin kimiyyar siyasa, kuma ina rubuta kundin kammala digiri a kan rikicin da ya raba jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano gida biyu a Jamhuriya ta Biyu. Na nemi taimakon ɗaya daga cikin manhajojin nan masu amsa tambaya, ta ba ni bayani mai tsari har da sunayen littattafai biyar, amma da na je ɗakin karatu sai aka rasa uku daga ciki, malamin da ke duba aikina kuma ya ce bai taɓa jin labarinsu ba. Shin in daina amfani da ita ne gaba ɗaya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Akwai yiwuwar waɗannan littattafai uku ba a taɓa rubuta su ba, kuma gara da kika gano haka a ɗakin karatu, ba a gaban malaman da za ki kare kundinki ba.

Tun da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022, sannan irin su Gemini da Meta AI suka biyo baya, mutane da dama suka ɗauke su tamkar malamin da ya haddace komai. Alhali kuwa an horar da su ne da ɗimbin rubuce-rubuce domin su iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, don haka idan kika nemi madogara, manhajar tana iya haɗa sunan marubuci na gaske da taken da ya yi kama da irin nasa, ta ƙara shekara da lambar shafi, ba tare da ta san cewa shaci-faɗi take yi ba. A shekarar 2023 wata kotun tarayya a birnin New York na Amurka ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000, saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙira, a ƙarar da wani fasinja ya shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca.

Matsalar ta fi tsanani a fagen da kika zaɓa. Manhaja za ta iya gaya miki cewa an kafa jam'iyyar NEPU, magabaciyar PRP, a Kano a ranar 8 ga Agusta, 1950, ko cewa majalisar dokokin tsohuwar jihar Kaduna ta tsige gwamna Alhaji Balarabe Musa na PRP a watan Yunin 1981, domin waɗannan an rubuta su a wurare da yawa. Amma abin da ya gudana tsakanin ɓangaren Taɓo na Malam Aminu Kano da ɓangaren Santsi na su Alhaji Abubakar Rimi, gwamnan Kano na lokacin, da yadda aka kai ga Rimi ya koma jam'iyyar NPP a 1983, yawancinsa yana cikin tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, da kaset-kaset na jawabai, da bakin dattawan da aka yi gwagwarmayar da su. Kaɗan ne daga cikin wannan ya shiga intanet, kuma inda manhaja ta rasa abin kamawa, ba kasafai take cewa ba ta sani ba. Ta fi cike giɓin da magana mai daɗin ji. Masana hadisi ba sa karɓar ruwaya sai da isnadi, kuma a ganina wannan ma'aunin ne ya dace da duk abin da ta faɗa miki.

Akwai kuma batun karkata. Kowace manhaja tana da kamfanin da ya gindaya mata iyaka: DeepSeek ta ƙasar Sin, alal misali, takan kauce wa tambaya a kan murƙushe masu zanga-zanga da aka yi a dandalin Tiananmen na birnin Beijing a 1989. Haka nan suna da halin bin ra'ayin mai tambaya, ta yadda idan kika ce ta nuna miki cewa Santsi ne ke da gaskiya za ta jero hujjoji, idan kika juya tambayar ta jero wa Taɓo nasu.

Ban ce ki yi watsi da ita ba. Tana da amfani wajen warware ma'anar kalma mai wuya, da taƙaita takardar da kika sa mata da hannunki, da tsara tambayoyin da za ki yi wa dattawa, muddin kin sanar da malaminki kuma dokar sashenku ta amince. Sai dai kada ki sa wani littafi a jerin madogararki har sai kin buɗe shi kin ga shafin da idonki. Ki ware mako guda ki je Gidan Mambayya a Kano, inda Malam Aminu ya zauna, wanda yanzu cibiyar bincike ce ta Jami'ar Bayero, sannan ki biya ta Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Littattafai biyun da kika samu kuwa, ki duba madogaran da ke ƙarshensu, domin daga nan ne za ki ga sunayen waɗanda suka yi aiki a kan PRP da gaske.