Tambayoyinku: Girka Manhajar Zana Hoto a Kwamfutar Gida

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zana hoto daga rubutu, musamman waɗanda mutum zai girka a kwamfutarsa ba tare da biyan kuɗin wata-wata ba. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shago inda nake tsara katin biki da fosta. Na gaji da biyan dala duk wata domin samun hotuna, kuma na ji an ce akwai manhajar da ke aiki ko babu intanet. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ce, Core i7, RAM gigabait 16, wanda ya sayar mini ya ce babu aikin da zai gagare ta. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, amma lambobin da ka lissafo ba su ne ke yanke hukunci ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Aikin zana hoto yana gudana ne a kan katin sarrafa hoto, kuma abin dubawa a jikin katin shi ne girman ma'adanarsa ta kansa, wadda ake kira VRAM, wadda ta sha bamban da RAM ɗin da mai shago ya yi maka talla da shi. Kafin ka sauke komai, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka shiga sashen Performance, ka zaɓi GPU, wato katin sarrafa hoton, ka duba layin da aka rubuta Dedicated GPU memory. Idan ka ga sunan Nvidia tare da gigabait 4 ko fiye, kana da abin farawa. Idan kuwa Intel UHD ko Iris kaɗai ka gani, manhajar za ta iya tashi a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, sai dai hoton da katin kirki zai gama cikin daƙiƙoƙi kaɗan zai ci maka mintuna, kuma tun da sau da yawa sai ka zana hoto ashirin kafin ka sami ɗaya mai kyau, wannan ba hanyar sana'a ba ce.

Dalilin da ya sa ma'adanar ke da wannan muhimmanci yana cikin yadda aikin yake. Manhajar da ta buɗe wa mutanen gida wannan ƙofa ita ce Stable Diffusion, wadda kamfanin Stability AI ya saki a watan Agustan 2022 tare da masu bincike na jami'ar birnin Munich a Jamus da kamfanin Runway. Ba ta ɗauko hoto daga wani rumbu ta miƙo maka. Tana farawa ne da yayyafin ɗigo-ɗigo, irin wanda ake gani a tsohuwar talabijin idan ba ta kama tasha ba, sannan ta riƙa share shi mataki-mataki, sau ashirin ko talatin, tana karkata shi zuwa ga abin da ka rubuta, har siffa ta fito. A kowane mataki dole samfurin da aka horar, wato fayil ɗin da ke ɗauke da abin da manhajar ta koya daga hotuna, ya kasance a ɗore cikin ma'adanar katin, kuma samfurin ba ƙarami ba ne. Samfurin Stable Diffusion na 1.5, wanda ya fito a Oktoban 2022 kuma aka horar da shi a kan hotuna masu faɗin ɗigo 512 da tsawo 512, yana kama gigabait 2 zuwa 4, ya danganta da fayil ɗin da ka ɗauka. Wani samfurin nata mai suna SDXL na Yulin 2023, mai zana 1024 da 1024, ya kusa gigabait 7, don haka ya fi sakewa a kati mai gigabait 8. Flux kuwa, na kamfanin Black Forest Labs, wanda ya fito a Agustan 2024 kuma ya fi su iya zana hannu da haruffa, ya fi su nauyi nesa ba kusa ba, kuma ban ba mai farawa shawarar ya fara da shi ba.

Idan za ka sayi sabon kaya, ra'ayina shi ne kwamfutar tebur ta fi ta hannu a wannan aiki, kuma katin RTX 3060 mai gigabait 12 har yanzu yana cikin waɗanda suka fi dacewa da mai ƙaramin jari. Ka lura da wani tarko: katin da ke ɗauke da wannan suna a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka gigabait 6 kawai gare shi. Na ambaci Nvidia ne saboda yawancin waɗannan manhajoji a kan CUDA, tsarin da Nvidia ta yi domin gudanar da lissafi a katunanta, aka gina su. Katin AMD yana aiki, amma da ƙarin wahala, masu sababbin kwamfutocin Apple kuma suna da Draw Things da DiffusionBee.

Samfurin shi kaɗai ba ya da fuska, sai an haɗa shi da manhajar da za ka riƙa rubuta umarni a cikinta. Mafi sauƙi ita ce Fooocus: ka sauke dunƙulallen fayil, ka warware shi, ka danna run.bat, ita da kanta za ta sauko da samfurin SDXL a karon farko. Wadda ta fi shahara a baya, AUTOMATIC1111, tana buƙatar ka fara girka wasu manhajoji biyu da take dogaro da su, Git da Python 3.10.6, kuma wajen girka Python ɗin kada ka manta da yin alama a akwatin da ke cewa a ƙara shi cikin PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke neman manhajoji, domin rabin koke-koken da ke zuwa mana daga wannan mantuwa suke. Bayan haka sai ka ajiye samfurin a foldar models/Stable-diffusion, ka danna webui-user.bat, baƙar taga ta buɗe tana ta jero rubutu, daga ƙarshe ta ba ka adireshi 127.0.0.1:7860 da za ka buɗe a burauza. Wannan adireshi na kwamfutarka ne, ba ya fita ko'ina, shi ya sa aikin ke tafiya ko ka kashe data. ComfyUI ta fi su ƙarfi da tattalin ma'adana, amma allonta cike yake da akwatuna da zaruruwa kamar bayan allon wutar lantarki, don haka a bar ta sai hannu ya faɗa.

Sauran abu biyu na wajenmu ne. Girkawar farko za ta iya cinye data sama da gigabait 10, saboda haka ka yi ta da dare ko a inda intanet ke da ƙarfi, kuma ka kwafe samfuran a wani faifai na daban. Ni kaina an taɓa ɗauke mini wuta ana saura ƙiris fayil mai gigabait shida da wani abu ya kammala, na wayi gari da fayil ɗin da ya ƙi buɗewa, na sake sayen data na sake saukewa. Sannan katin 3060 shi kaɗai yana jan kusan wat 170 idan yana aiki, ban da sauran kayan kwamfutar, don haka ka yi lissafin inbata ko janaretanka, kuma a lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar da ke toshe fankokinsa.

Tambaya: Ni tela ce, ina ɗinkin amare. Ƙanena ya girka mini manhajar domin in riƙa nuna wa masu kawo ɗinki samfurin kaya kafin a yanka yadi. Idan na rubuta da Hausa sai ta zana abin da ba shi da kai ba shi da gindi, idan ya fassara mini zuwa Turanci kuma sai amaryar ta fito kamar Ba'indiya. Laifin kwamfutar ne? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Matsalar tana cikin tarbiyyar samfurin. An horar da Stable Diffusion na farko ne da hotunan da aka tsamo daga wani tari mai suna LAION-5B, wanda ya ƙunshi hotuna sama da biliyan 5 da aka kwaso daga intanet tare da rubutun da ke maƙale da kowanne, kuma ɓangaren da aka fi amfani da shi na Turanci ne. Sashen da ke karanta umarninki, wato CLIP na kamfanin OpenAI, shi ma da Turanci ya tashi. Idan kin rubuta "amarya da lalle da ɗaurin ɗankwali", yana ganin haruffa ne waɗanda bai taɓa haɗa su da wata siffa ba, sai ya yi shaci-faɗi. Idan an fassara kuma, kalmar amarya da ta lalle a cikin hotunan da ya gani sun fi zuwa tare da bikin Indiya da Pakistan, shi ya sa yake ja can. Na gwada irin wannan da babbar riga: na nemi dattijo a zaune a zaure, sai aka ba ni mutum cikin jallabiyar Larabawa, da wata hula da ba ta san Zanna Bukar ba, aikin wuyan rigar kuma ya narke kamar an zuba masa ruwa.

Mataki na farko shi ne ki daina kiran sunan abu, ki koma siffanta shi. Maimakon sunan ɗinkin, ƙanenki ya rubuta da Turanci cewa mace ce baƙar fata 'yar Afirka ta Yamma, da doguwar riga mai faɗin hannu, da ɗankwali mai tudu, da zanen lalle baƙi a bayan hannu, sannan a akwatin abubuwan da ba a so ya sa sari da ɗigon goshi. Ki sa abin da ya fi muhimmanci a farko, domin CLIP gutsuren kalma 77 yake ɗauka a zama ɗaya. Idan hoto ya kusa yi miki, ki kwafe lambar irinsa, wadda allon ke nunawa a ƙarƙashin Seed. Muddin lambar da sauran saituna ba su canja ba, hoton zai dawo kusan yadda yake, sai ki riƙa sauya kalma ɗaya-ɗaya, launi ko tsawon hannu, kina ganin tasirin kowace.

Amma abin da zai fi yi wa sana'arki amfani shi ne ki fara da hoto maimakon rubutu. Ki rataya rigar da kika ɗinka a jikin mutum-mutumin shago, ki ɗauke ta da waya a wuri mai haske, ki sa ta a sashen img2img, ki rage ƙarfin sauyin zuwa wajen 0.4, sai manhajar ta riƙe yankan rigar ta canja launi ko adon yadin. Akwai kuma inpainting, inda za ki shafe wuyan rigar kaɗai ki ce a sake zana shi, sauran jikin ya zauna yadda yake. Idan kina son ta koyi ɗinkinki sosai, ana horar da wani ƙaramin fayil da ake kira LoRA da hotuna kamar ashirin zuwa talatin na salo ɗaya, a ɗora shi a kan babban samfurin. A nan ina roƙonki ki yi amfani da hoton kaya zalla, kada ki sa fuskar amaren da kika yi wa ɗinki sai da yardarsu, domin fayil ɗin da ya koyi fuska zai iya zana mai ita a kowane irin yanayi, kuma idan ya bar hannunki ba ki da iko da shi. Ƙananan duwatsu da aikin zare mai maimaita kansa har yanzu suna ba samfuran wahala, saboda haka ki gaya wa mai kawo ɗinki cewa hoton na nuna fasali ne, adon kuma sai ta duba shi a jikin yadi.

Tambaya: Na girka AUTOMATIC1111 a kan katin GTX 1660, amma hoton baƙi ƙirin yake fitowa, wani lokaci kuma ta rubuta cewa ma'adana ta cika. Sannan wani ya turo mini samfuri ta Telegram, in buɗe? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Baƙin hoto sanannen abu ne a katunan jerin GTX 16, saboda yadda suke sarrafa lissafin rabin-daidaito, wato lissafi da gajerun lambobi, da manhajar ke amfani da shi domin tattalin ma'adana. Ka buɗe webui-user.bat da Notepad, a layin COMMANDLINE_ARGS ka ƙara --precision full --no-half --medvram, ka adana, ka sake kunnawa. Biyun farko suna gyara baƙin amma suna ƙara cin ma'adana, na ukun kuma yana rage cin ta hanyar ɗora sassan samfurin ɗaya bayan ɗaya, don haka aikin zai ɗan yi nawa. Da gigabait 6 ɗin katinka ka tsaya a samfurin 1.5 da girman 512, hoto ɗaya a lokaci guda, in kana son babba ka faɗaɗa shi daga baya a sashen Extras.

Game da fayil ɗin da aka turo maka, duba ƙarshen sunansa. Idan .ckpt ne, kada ka buɗe, domin wannan tsohon tsari yana iya ɗauke da ɓoyayyen umarni da zai gudana a kwamfutarka da zarar an ɗora shi. Idan .safetensors ne, lambobin samfurin kawai ke ciki. Duk da haka ka nemi sunansa a shafukan intanet da ake ajiye samfura, Hugging Face ko Civitai, ka sauke daga can, inda za ka ga girman fayil ɗin na asali da sharuɗɗan lasisinsa, domin wasu samfuran, kamar Flux na dev, lasisinsu ya taƙaita amfani da su a harkar kasuwanci.