Amsa ga Habu a kan Haɗa Wayar Hannu da Rediyon Tsohuwar Mota

Habu, Allah ya yi maka albarka. Ka tambaye ni a kan direban Golf ɗin nan mai lodi daga Kwangila a Zariya zuwa Kaduna, wanda yake so ya riƙa jin karatu da waƙoƙin da ke cikin wayarsa ta sifikun motar, alhali rediyon da ke ciki na kaset ne, ba shi da Bluetooth, ba shi kuma da ramin USB. Ka ce wani abokinka a Sabon Gari ya ba ka shawarar ka tumɓuke rediyon, ka yanke wayoyin da ke bayansa, ka dasa na zamani, kana so ka san ko hakan ne daidai. Na zaɓi in rubuta maka amsar, domin irin wannan aiki zai yi ta zuwa maka muddin tsofaffin motocin Beljiyam suna yawo a garin nan.

Cire rediyo shi ne mataki na ƙarshe, kuma yanke wayoyin mota ba ya cikin matakan ko kaɗan. Abin da ake nema shi ne hanyar da sauti zai bi daga wayar hannu ya isa sashen da ke ƙara masa ƙarfi a cikin rediyon, kuma iya gajartar hanyar, iya tsabtar sautin. Sautin da ya bi ta kebul kai tsaye ya fi wanda ya bi ta kan kaset, wanda ya bi ta kaset kuma ya fi wanda aka watsa a iska aka sake kamowa da eriya. Idan ka riƙe wannan, rediyon da ke gabanka ne zai nuna maka abin da ya dace da shi.

Kafin ka sa mutum ya sayi komai, kunna rediyon ka kama tasha mai ƙarfi, ka juya sautin hagu da dama, gaba da baya, ka saurari kowace sifika ita kaɗai. Motar da ta haura shekara ashirin tana shan ranar Zariya da ƙurar hunturu, da wuya ka samu takardar sifikunta ba ta tsage ba, kuma duk abin da ka haɗa a kan tsagaggiyar sifika kwarkwar zai yi, mai motar kuwa aikinka zai zarga. Ka ɗora mita a kan batir: wajen bolt 12.6 idan mota tana kashe, tsakanin 13.8 da 14.4 idan inji yana aiki. Idan cajin bai daidaita ba, ka faɗa masa tun da wuri.

Daga nan sai ka duba fuskar rediyon da kyau. Idan akwai ɗan rami mai faɗin milimita 3.5 da aka rubuta AUX a gefensa, aiki ya ƙare, kebul ɗaya ya wadatar, ko kuma ƙaramar na'urar Bluetooth da ake cusawa a ramin. Idan babu, ka nemi maɓallin da aka rubuta CD ko DISC a rediyon da ba shi da bakin saka faifai. Wannan alama ce cewa a bayansa akwai soket na akwatin faya-fayan da ake ɗaurawa a but ko ƙarƙashin kujera, kuma yawancin rediyoyin Toyota da Honda da Volkswagen da Peugeot na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000 suna da shi. Ana sayar da na'urar da ake cusawa a wannan soket, rediyon ya ɗauka akwatin faya-fayai ne, alhali sautin wayar hannu take shigo masa da shi. A ganina babu hanyar da ta fi wannan a tsohuwar mota, domin sautin yana fita garau, dashbod bai canza ba, ba a taɓa waya ko ɗaya ba. Sai dai kowane kamfani da siffar soket ɗinsa, saboda haka ka zaro rediyon ka ɗauki hoton bayansa kafin ka tafi kasuwa.

Hanya ta biyu ita ce kaset mai wutsiya, wato kaset ɗin da ke da ɗan kebul da ake cusawa a ramin abin sawa a kunne na wayar hannu. A cikinsa babu zare, wani ɗan kai ne da ke fuskantar kan da ke karanta kaset a cikin rediyon, ya miƙa masa sautin ta maganaɗisu. Yana da araha, kuma sautinsa ya fi yadda mutane suke zato, amma sai idan injin kaset ɗin yana da rai. Ka jiƙa auduga da sifirit ka goge kan har ya yi ƙyalli, domin dattin shekaru yana dushe sauti. Idan rediyon ya yi ta juya gefe da kansa ko ya tofo kaset ɗin, galibi robar da ke juya injin ce ta saki saboda zafi, ko kuma haƙoran cikin kaset ɗin sun cije. Ka kuma duba wayar mai motar. Tun 2016 da Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da ramin abin sawa a kunne ba, wasu kamfanoni suka bi sahu, ko da yake yawancin Tecno da Infinix da itel da direbobinmu ke riƙewa suna da shi har yanzu. Wadda ba ta da ramin tana bukatar ɗan kebul mai juya USB-C zuwa 3.5.

Hanya ta uku ita ce wadda kowa ya fi sani, taransimitar FM da ake cusawa a soket ɗin laita. Tana karɓar sauti daga wayar ta Bluetooth, ta watsa shi a matsayin ƙaramar tasha, rediyon motar ya kama. Ba ta bukatar sukudireba ko filaya, shi ya sa ake rububinta, amma ita ce ta fi dawo da kwastoma gareji yana ƙorafi, kuma kusan kullum laifin na zaɓen zango ne. Ƙarfinta ɗan kaɗan ne ƙwarai, saboda haka duk tashar gaske da ke kusa da zangon da ka ɗora ta za ta danne ta, kamar yadda mai lasifika ke danne muryar mai talla da baki a kasuwar Sabon Gari. Ka kashe taransimitar tukuna, ka bi zangon rediyon da hannu har ka sami wurin da babu komai sai shuuu, da shi da maƙwabtansa na sama da ƙasa, sannan ka ɗora ta a nan. Ka tuna kuma cewa direban nan ba a Zariya yake wuni ba. Wurin da yake fili a Kwangila yana iya cika da zarar ya doshi Kawo, inda tashoshin Kaduna irin su Supreme FM a kan 96.1 suke da ƙarfi, haka mai zuwa Kano zai tarar da Freedom a kan 99.5. Ka zaɓar masa zango biyu ko uku, ka adana su a maɓallan rediyon, ka nuna masa yadda zai sauya.

Asalin motar ma yana da tasiri a nan. Tsohon rediyon da aka yi don kasuwar Japan yana kama FM ne daga 76 zuwa 90 kawai, taransimitar kuwa daga wajen 87.5 take farawa, don haka ɗan tsakanin nan ne kaɗai za su haɗu. Rediyon motar Amurka kuma yana tsallake lamba ne, 88.1, 88.3, 88.5, ba zai tsaya a kan 88.2 ba. Yara da yawa sun mayar da na'ura mai lafiya shago saboda rashin sanin wannan. Sannan ka zare makulli ka auna soket ɗin laita: a wasu motoci wuta ba ta ɗaukewa a nan, kuma na'urar da aka bari a ciki kwana da kwanaki tana tsotse tsohon batir har mota ta ƙi tashi.

Akwai wani kuka siriri da za ka ji a sifika, wanda yake hawa idan an taka totur, ya sauka idan an saki. Yawanci yana zuwa ne idan wayar tana caji daga motar kuma kebul ɗin sauti yana haɗe a lokaci guda, domin at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma bodi, ya zama biyu, hayaniyar altaneta ta sami hanyar shiga. Zare cajar, idan kukan ya ɗauke, ka gano shi. Maganinsa caja mai kyau, ko ƙaramar na'urar da ake sawa a tsakiyar kebul ɗin ta raba at ɗin biyu. Ka kuma kankare wurin da baƙar wayar rediyon ta kama bodi har ƙarfe ya fito fari. Sautin wayar hannu kuma kada a ƙure shi, a bar shi wajen kashi uku cikin huɗu, a ƙara sauran a rediyon.

Idan rediyon ya mutu, ko mai motar da kansa ya nace sai sabo, to a nan ne nake so ka natsu. Ramin rediyo iri biyu ne, faɗinsu ɗaya, milimita 180, tsayin ƙaramin 50, na babban 100. Ka sayi soket ɗin haɗi wanda ya dace da motar, ka yi duk haɗinka a jikinsa da dalma, ka cusa shi a soket ɗin motar, yadda ko bayan shekaru za a iya mayar da na asali. A wayoyin sabon rediyo, rawaya wuta ce ta dindindin, ja wutar makulli, baƙa at, shuɗiya ta eriya ko amfilifaya. A motocin Volkswagen da Opel sau da yawa gurbin ja da rawaya a juye yake, alamarsa kuwa rediyo ya riƙa manta tashoshinsa duk lokacin da aka kashe mota. Ka musanya su kawai. Kada ka murɗe su wuri ɗaya a kan wutar dindindin kamar yadda wasu ke yi, batirin mutane ne zai biya. Kada kuma ka cire fis ka sa zaren waya a gurbinsa, wannan hanyar gobara ce.

Abubuwa biyu na ƙara ja maka kunne a kansu. A wasu tsofaffin motoci na zamanin Peugeot 504, za ka tarar an haɗa ƙafa ɗaya ta sifika da bodi. Rediyon yanzu yana so kowace sifika ta sami wayoyinta biyu, idan ɗaya ta taɓa bodi sashen ƙarfinsa yana iya ƙonewa, saboda haka sai ka ja sababbin wayoyi. Na biyu, duk wayar da ka gani a cikin rawayan rufi da rawayan soket ƙarƙashin sitiyari ko dashbod, ta jakar iskar da ke kare mutum a haɗari ce, kada fitilar gwajinka ta kusance ta. Kafin ka cire kan batir kuma, tambayi mai motar ko yana da lambar sirrin rediyonsa, domin na Honda zai rubuta CODE, na Volkswagen ya rubuta SAFE, su yi shiru har sai an sa lambar.

Game da Golf ɗin da ke gabanka, ka fara da goge kan kaset ka gwada shi da kaset mai wutsiya na gareji. Idan injin kaset ɗin yana juyawa lafiya, nan za ka tsaya, domin mutumin da ke shiga Kaduna kullum zai gaji da sauya zango. Idan injin ya mutu kuma babu soket a baya, ka gaya masa kuɗin taransimita da kuɗin ƙaramin rediyo mai Bluetooth da USB, ka bayyana masa bambancin sautinsu, ya zaɓa da kansa. Ban so ka tallata masa babban allon nan mai nuna fim, domin direban haya da fasinjoji a bayansa idonsa na titi ne. Idan ya zaɓi sabon rediyo, ka kawo mini soket ɗin haɗin in duba kafin ka sa wuta, tsohon kuma ka naɗe shi a leda ka miƙa masa kayansa.