Filin Goggo: Me Ke Sanyaya Rai Idan Duniya Ta Yi Zafi?

Wasiƙun wannan makon kusan bakinsu ɗaya, shi ya sa na haɗa huɗu wuri guda. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage inda aka yi tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Goggo. Ni malamin firamare ne, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Lafiyata ƙalau, ba na faɗa da kowa, amma na daina dariya, har maiɗakina ta yi mini magana. Ba taimakon kuɗi nake nema ba. Ke da kanki, me kike yi ranar da kika tashi ranki a jagule? Daga wani malami, Gwale, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Tsadar da kake kuka da ita gaskiya ce, kuma babu abin da zan faɗa a nan da zai biya maka kuɗin haya. Sai dai mutumin da zai yi fama da wannan zamani yana bukatar ƙarfin zuciya, kuma ni a ƙananan abubuwa nake tsinto nawa.

Idan na idar da sallar asuba ba na komawa gado. Tsintsiya nake ɗauka in share tsakar gida, ko da akwai yaran da za su yi, sannan in yayyafa ruwa. Ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwa ya taɓa ta, wanda muke jira duk tsawon bazara kafin ruwan farko ya sauka, ana samun kaɗan daga cikinsa da buta ɗaya. Daga nan in duba shukata. Ba wani lambu ba ne: zogale ɗaya a jikin katanga, na'ana'a da ɗoɗɗoya a tsofaffin bokitai da suka fashe. Ranar da na ga sabon toho, wallahi sai in ji kamar an yi mini albishir. Kafin in gama rana ta fara leƙowa, sai in zauna a cikinta kaɗan, musamman da hunturu. Likitoci ma suna cewa hasken safiya shi ke daidaita wa jiki lokacin farkawa da na barci, kuma wanda ya samu barcin kirki yininsa daban yake.

Ƙosai kuwa da ƙafata nake zuwa saye. Zan iya aiken yaro, amma da na aika na rasa abin da ya fi ƙosan daɗi: tsayuwa a bakin kasko tare da yara masu kwanuka, ƙarar mai idan ƙullu ya faɗa, da gaisawa da mai suyar, wadda sai ta tambaye ni ƙafata, ni kuma in tambaye ta jikin tsohuwarta. Gaisuwarmu ta Hausa da wasu ke cewa tana cin lokaci, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da sanyi, ni ina ganin tana cikin abubuwan da suka riƙe mu. Kafin hantsi mutum biyar ko shida sun tambaye ka lafiyarka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne, hadisin yana cikin Tirmizi, kuma wannan sadakar albashi bai hana ka ita ba.

Yanzu kai. Na san tsadar kuɗin mota ta sa malamai da yawa suna takawa zuwa makaranta, amma tafiyar da ake yi ana duba agogo ana lissafin bashi ba ta sauke wa mutum komai. Ware wata daban. Goron Dutse ba nisa da ku, Dala ma haka. Ranar Asabar da sanyin safiya ka ɗauki manyan yaranka ku hau, ka nuna musu birni daga sama, su nemo unguwarku da ido, ka ba su labarin ganuwa da ƙofofinta. Kai malami ne, ka fi ni sanin tarihin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma tafiya da ɗan sauri tana cikin lissafi.

Majalisa ma ina so ka duba wadda kake zama. Akwai wadda daga magariba zuwa isha ba a zancen komai sai farashin buhun masara da zagin 'yan siyasa, kowa ya tashi da nauyin da ya fi wanda ya zo da shi. Ban ce ka yanke abokai ba, amma ka rage. Idan akwai inda dattawa ke buga dara a unguwarku, zauna can wani lokaci.

Abin da na fi so ka gwada shi ne wannan. Ranar da aka ɗauke wuta bayan isha, ka ajiye waya a ɗaki, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka ce wa yaran ga ta nan ga ta nanku. Ko ta Gizo da Ƙoƙi ce wadda ka manta rabinta, su za su cike maka, ko su ƙaryata ka, kuma nan dariyar da kake nema take. Ita kuma maiɗakinka da ta lura fuskarka ta canja, ka san tana kallonka da idon ƙauna. Ka shigo mata da tsaraba jefi-jefi, ko ƙullin gyaɗa ne ko karan rake, ka miƙa mata a hannu.

TAMBAYA: Goggo, ni amarya ce, daga Damagaram aka kawo ni Kaduna. Gidan bene muke haya, kowa ƙofarsa a rufe. Maigida yana fita da sassafe sai dare. Ba ya rage ni da komai, amma kewar gida tana damuna, yini nake ina kallon bidiyo a waya, in gama in ji raina ya ƙara ɓaci. Ya zan yi?

AMSA: Allah ya ba da zaman lafiya 'yata. Yarinyar da ta tashi a gidan yawa, inda daka da surutu ba sa yankewa, aka kai ta inda babu mai ɗaga mata labule, dole ta ji abin da kike ji. Ba rashin godiya ba ne.

Wayar nan ba na ganin laifinki a kanta, amma ki lura da abin da take nuna miki: kicin ɗin wata, lefen wata, tafiyar wata Dubai. Kowacce abin da ta zaɓa ta nuna ne, ke kuma kina auna shi da yininki gaba ɗaya. Ki juya amfaninta. Maimakon kallon baƙi, ki sa wa mahaifiyarki lokaci, ko bayan la'asar, ki kira ta a WhatsApp ki jingine wayar kina tsinke zogale tana nata aikin, kuna hira kamar kina gida. Da can mu sai dai a aika gaisuwa gidan rediyo, a zauna ana jiran shirin Zaɓi Sonka ko za a ji sunan ɗan'uwa, kuma ranar da aka ji, gidan kwana yake da murna.

Ki kawo garinku cikin ɗakinki. Idan wani zai zo daga gida, ki ce a taho miki da cuku da geron fura. Ki dafa shayi irin naku a ƙaramar buta, ki jira shi ya nuna kamar yadda ake yi a can. Ki sa garwashi a kasko ki turara ɗaki da labule da safe, ba sai maigida zai dawo ba, don ke ma kina da hanci. Ki kwaɓa lalle ki zana wa kanki. Hannu idan ya samu aiki zuciya tana hutawa, shi ya sa nake son ki koyi saƙa ko ɗinkin hula in ba ki iya ba.

Babban maganin kuwa yana bayan ƙofar da ke kallon taki. Ranar da kika yi girki mai daɗi, ki zuba a kwano mai kyau ki ƙwanƙwasa, ki ce ga ɗanɗano daga amarya. A al'adarmu kwano ba ya dawowa haka nan, kuma ko maƙwabciyar ba Bahaushiya ba ce, abinci yare ne da kowa ke ji. Wata ƙila ita ma a kulle take tana jiran wanda zai fara. Sannan ki yi shawara da maigida ya sa ki islamiyyar matan aure ta unguwa. Za ki ƙaru da karatu, za ki kuma samu dalilin yin wanka da ado da fita, ki san fuskoki. Zumunci a ƙafa yake, haka ma sabo da gari.

TAMBAYA: Hajiya, shekarata 68. Babu abin da ke faranta mini kamar in ɓara farin goro bayan na ci abinci. Yanzu an ce ina da hawan jini, 'ya'yana sun sa mini ido. Shin dole in bari? Daga wani dattijo, Katsina.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Goro yana da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin kofi da shayi. Shi ke wartsake mutum, shi ne kuma ke iya sa zuciya bugawa da sauri, ya ɗaga jini na ɗan lokaci, ya hana barci. Ka gaya wa likitanka yawan da kake ci a yini ba tare da ragewa ba, ka bi abin da ya ce. Idan ya yarda da kaɗan, to ɓari ɗaya da hantsi, kada ya wuce la'asar. Kuma ko ya hana gaba ɗaya, kada ka daina sayen goron. Kakanninmu fatake sun yi watanni a hanyar Gwanja saboda shi, kuma darajarsa a wurinmu ta kyauta ce: ɗaurin aure, suna, sallah, baƙo. Ka riƙa ɓarawa kana miƙa wa abokan zamanka a ƙofar gida. Ina kyautata zaton rabin daɗin da kake ji dama a nan yake.

TAMBAYA: Goggo, wata uku ke nan da na haihu. Duk abin da nake so da, yanzu ba ya burge ni. Ko an yi mini kitso, ko an kawo abincin da nake so, ba na jin komai. Kuka nake yi ba dalili, ko jaririn ya yi barci ni ba na iya yi. Surukata ta ce rashin godiyar Allah ne, wata ta ce iska ce. Me zan yi in dawo yadda nake? Daga wata mai jego, Gusau.

AMSA: 'Yata, na gode da kika rubuto, don na san ba da sauƙi kika yi ba. Ki saurare ni da kyau. Abubuwan da na faɗa wa sauran na gajiyar yau da kullum ne. Naki ya wuce nan, kuma zan cuce ki idan na ce ki kunna turare ki jira.

Mata da yawa sukan yi ƙunci da saurin kuka a kwanakin farko bayan haihuwa, ya wuce da kansa cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, mace ta daina jin daɗin komai, barci da ci suka lalace, likitoci suna ɗaukarsa ciwon damuwa na bayan haihuwa. Yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, masu ibada da masu wadata duk yana kama su, kuma yana da magani. Imaninki bai ragu ba. Ki ci gaba da addu'a da azkar, ki kuma tuna hadisin Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Ranar da za ki kai yaro rigakafi, ki ce wa ma'aikaciyar jinya kina son ganin likita don kanki, ki faɗa masa daidai abin da kika rubuto mini. Ki gaya masa kina shayarwa, don akwai magungunan da suka dace da mai shayarwa, wani lokacin ma zama da tattaunawa da ƙwararre ake fara yi. Idan ya ga da bukata zai tura ki gaba. Akwai asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware ta jihar Sakkwato, akwai a Barnawa ta Kaduna da kuma Maiduguri, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kada ki zauna ke kaɗai. Hikimar wankan jego a gida ke nan, mace ta yi kwana arba'in ana karɓar mata jariri ana dama mata kunu. Ko arba'in ta wuce, ki nemi mahaifiyarki ko 'yar'uwarki ta zo ta zauna da ke, ta riƙe yaron wasu awanni da dare ki samu barci. Ki nuna wa maigidanki wannan shafin, shi ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, ya kuma raka ki asibitin da kansa.

Idan kuma tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, ko sau ɗaya, kada ki jira ranar rigakafi. Ki faɗa wa wanda ke kusa da ke a take, a kai ki asibiti a ranar. Allah ya ba ki lafiya, ya raya abin da kika haifa. Ki sake rubuto mini bayan kin ga likita, ina jira.