Tambaya da Amsa: Lasifikar Cikin Bango a Gidan Bulo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini, an kusa fara filasta. So nake in binne lasifikoki biyar a bangon falo saboda kallon fim, ba na son akwatuna da wayoyi a ƙasa. Daga kujera zuwa bangon talabijin mita 3 ne. Wace iri zan saya, kuma ina zan sa su? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi dabara da ka tambaya kafin filasta, don yanzu ne gyara ke da araha.

Waɗannan lasifikoki an ƙera su ne don bangon allon jifsam irin na gidajen Amurka, mai rami a ciki kusan santimita 9. A bayansu akwai 'yan kunnuwa da ke juyawa su damƙe allo idan an ɗaure sukuru. A bulo babu abin da za su damƙa. Wannan ne ya sa za ka ga an fasa bango, an cusa lasifika an liƙe da siminti, ba a jima ba ta fara kakkarwa, muryar ta shaƙe.

Mafi kyau, kafinta ya ɗora bangon jifsam a gaban na bulo, da tazarar santimita 10, a cika ramin da audugar gilashi. In kuwa sai an sassaƙa bulon, a yi wa kowace lasifika akwatin katako mai kauri, rufaffe ruf, daidai girman da kamfani ya rubuta, a binne shi, fuskarsa ta zo daidai da filasta. Bulo mai inci 9 zai ɗauka. Mai inci 6 kuwa, duk abin da kake kallo na ɗakin baya zai ji. Kada a taɓa fila ko lintal.

Wajen saye, nemi masu inci 6.5, ohm 8, ukun gaba, wato ta hagu da ta tsakiya da ta dama, su zama samfuri ɗaya, in ba haka ba muryar mutum za ta riƙa canzawa yayin da yake ratsa allo. Mai 'yar ƙaramar lasifikar siririn sauti da ake iya karkatarwa ta fi, tunda bango ba ya juyawa.

A mita 3, ta hagu da ta dama kowace ta nisanci tsakiyar talabijin da mita 1.2 zuwa 1.7, wato kusurwar digiri 22 zuwa 30. Tsayi, daidai kunnen mai zaune, kusan mita 1 daga ƙasa. Ta tsakiya, wadda ke ɗauke da yawancin magana, ta zauna dab da ƙasan talabijin. Biyun baya a gefen kujera ko ɗan bayanta, santimita 30 zuwa 60 sama da kunne. A nisanci lungu da aƙalla rabin mita. Ka zana wuraren da alli, ka zauna inda kujera za ta kasance ka duba, kafin guduma ta taɓa bango.

Mai wayarin ya binne fayif na daban, ya zura waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, ko 2.5 in ta wuce mita 15. Kada ta bi fayif ɗaya da wayar wuta. Ja da ja, baƙi da baƙi. In aka juya ɗaya, sautin zai yi fayau, ba kauri.

Tambaya: Wufa ma a bango za ta shiga? — Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Wufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, bar ta a akwatinta a ƙasa, don sai an jaraba wurare kafin a sami inda dukanta ke fita sosai. A amfilifaya a saita sauran lasifikokin a matsayin ƙanana, a yanke a 80 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), duk abin da ya yi ƙasa da haka ya tafi wufa.