Sunan Littafi Ma Jari Ne: Amsa Ga 'Yar Kasuwar Da Ta Rubuta Labari

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina sayar da atamfa da leshi a shago da kuma ta WhatsApp. Shekara biyu ke nan ina rubuta wani labari da daddare in na taso daga kasuwa, yanzu na gama, ya kai kashi uku. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar rumfa a kasuwa. Tana cikin takaba 'yan'uwansa suka karɓe makullin, suka ce tumuninta kawai za a ba ta, alhali da jarinta a cikin kayan. Na ɗauki adashi naira 600,000. Mai ɗab'i ya ce zai buga min kwafi 1,000 na kashi na ɗaya a kan 550,000, masu shagon littafi kuma sun ce za su sara a kan 800 kowanne. Abin da ya tsayar da ni shi ne suna. Ina da guda uku: ɗaya da kalmar "ƙaddara" a ciki, ɗaya na Turanci da ƙanwata ta ba ni, sai "Makullin Rumfa". Mai ɗab'i yana ta kira in kawo kuɗi kafin takarda ta ƙara tsada, ya ce suna ba komai ba ne, labari ke sayar da kansa. Me ka gani?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a kasuwa da alƙalami baki ɗaya.

Kada ki kai kuɗin nan tukuna. Tsayawar da kika yi daidai ce. Mai ɗab'i yana da gaskiya a kan tsadar takarda, amma shi ranar da ya miƙa miki kwalayen littafi cinikinsa ya ƙare, ke kuma ranar naki ya fara.

Mu fara da lissafi, tunda ke 'yar kasuwa ce. Kowane kwafi ya tsaya miki a kan naira 550. In kina ba masu shago a 800, sai kin sayar da kwafi 688 kafin kuɗin ɗab'i kaɗai ya dawo. Ribarki gaba ɗaya tana cikin kwafi 312 na ƙarshe, kuma ban sa kuɗin mai zanen bango, da mai gyaran rubutu, da kuɗin mota ba. Ki kuma tambayi masu shagon nan da kyau: 800 ɗin kuɗi hannu ne, ko ajiye kaya za ki yi sai an sayar a biya ki? Yawanci na biyun ne ake yi wa sabon marubuci. Ke nan adashinki zai kwanta a kantar wani, yana jiran ranar da wata za ta shigo ta ambaci sunan littafinki.

Ke kin fi ni sanin abin da nake nufi. Atamfa nawa ce a shagonki mai kyau, mai kauri, amma tana zaune, wata kuma da ba ta kai ta ba tana tafiya don kawai mata sun raɗa mata suna, kowa na shigowa yana tambayarta? Atamfar ma ana taɓa ta, a ɗaga ta a haske, a ga zane. Littafi fa ba wanda zai tsaya a bakin shago ya karanta shafi ɗari kafin ya biya. Labari yana sayar da kashi na biyu da na uku, wannan gaskiya ne. Na ɗaya kuwa suna da bango ne ke sayar da shi.

Tun lokacin da adabin kasuwar Kano, wato littattafan labaran Hausa da ake bugawa ana sayarwa a kasuwa, ya bunƙasa, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa gaba, da yawan masu karanta littattafan nan mata ne a cikin gida, waɗanda ba su ke zuwa Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari da ƙafarsu ba. Aike ake yi. A ba yaro kuɗi, a faɗa masa suna, ya tafi. Sunan da ya zube a hanya, cinikin ya zube tare da shi. Yau aiken ya koma waya, amma abin bai sauya ba: wata ta ji labarinki a gidan biki ko ta ji ana karanta shi a YouTube, bayan kwana biyu ta ɗauki waya za ta nema. In ta tuna sunan, kuma naki ya fito, kin yi ciniki.

A nan sunan farko da kika kawo ya faɗi. Ki rubuta "ƙaddara" a wurin nema na Facebook ko Wattpad, manhajar karanta labarai, ki ga yawan labaran da za su fito. Ki sake rubutawa da "k" marar lanƙwasa, domin haka yawancin mutane ke bugawa a waya, ki ga wani jerin. Sabuwar marubuciya da ta shiga wannan cunkoso tallar wasu take yi da kuɗinta. Kuma kalmar ba ta gaya wa mai saye komai game da labarinki ba. Wane labari ne babu ƙaddara a cikinsa?

Na Turancin ba zan daɗe a kansa ba. Na san ana yayinsa, musamman a labaran intanet na 'yan makaranta. Amma ki dubi wadda za ta sayi labarin takaba da rabon gado. Matar aure ce, ko bazawara, ko uwa da ta ga irin haka a danginsu. Sunan da za ta ji nauyin furtawa a gaban mai shago, ko ta kasa rubuta shi daidai, ya riga ya rage miki masu saye.

Na ukun shi ne mai rai, domin a cikin labarin ya fito. Makulli abu ne da ake gani, ana riƙewa, ana ƙwacewa, kuma mai zane ba zai sha wahala ba: hannun mace da makulli sun ishi bango. Babu harafi mai lanƙwasa a ciki, yaro zai iya kai saƙonsa. Sai dai akwai tarko guda. Bakano da ya ga "Rumfa" da babban baƙi a bangon littafi, zuciyarsa za ta iya tafiya Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, ko ga Sarki Muhammadu Rumfa kansa. Mai son labarin sarauta zai saya ya tarar da rigimar kasuwa, mai son labarin gida kuma ta wuce shi a zaton tarihi ne. Duka biyun asara ce, kuma ta farkon ta fi muni, don wanda ya ji an yaudare shi ba zai dawo wa kashi na biyu ba. Ko dai zanen bango ya nuna kasuwa ƙarara, ko ki gwada "Makullin Shago".

Akwai kuma abin da na tsinta a wasiƙarki da ke ba ki lissafa shi ba. Kin ambaci takaba, kin ambaci tumuni. Kowace Bahaushiya ta san tumunin takaba: kashi ɗaya cikin takwas da matar mamaci ke samu in ya bar 'ya'ya, kuma in matan nasa biyu ne ko huɗu, shi ɗin za su raba. Kalmomi biyu ne da ke ɗauke da hawaye da lissafi a lokaci guda, wato labarinki ke nan. Ki sa "Tumunin Takaba" cikin jerin sunayen, amma ki fara bincikawa sosai ko wani ya riga ki, domin suna mai daɗi irin wannan ba ya daɗewa a ƙasa.

Binciken nan ba don tsoron kotu ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 rubutunki take karewa. Gajeren suna shi kaɗai a al'ada ba ya samun wannan kariya. Ma'anarsa biyu ce: wanda ya riga ki da wuya ya hana ki, ke ma da wuya ki hana na bayanki. Don haka kasuwa ce alƙali a nan. Ki tambayi tsofaffin masu shagon littafi, su ne suka haddace sunaye. Ki tambaya a reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA. Ɗaukar sunan da aka san wata marubuciya da shi yana jawo ɓacin rai a tsakanin mutanen da gobe za ki buƙaci su tallata ki.

Yanzu ga abin da kike da shi wanda marubuta da yawa ba su da shi: kwastomomi. Matan da ke kallon sitatus ɗinki kullum don atamfa su ne masu karatun da kike nema. Amma kada ki tambaye su "wanne ya fi daɗi?" Kowa zai ce masha Allah, ba ki ƙaru da komai ba. Ki sa a zana miki bango biyu masu sauƙi da sunaye biyun da suka rage. Ki raba matan gida biyu, kowane ɓangare ya ga bango ɗaya da layi biyu na labarin, farashi ɗaya, ki ce mai so ta ba da kafin alƙalami naira 200. Ki ƙirga kuɗin da ya shigo, ki bar yabo. Sannan ki faɗa wa mata biyar sunan sau ɗaya a cikin hira, bayan kwana uku ki tambaye su. Wanda suka maido miki daidai ba gyara, shi ne zai jure aike. Duk wannan mako biyu ne, kuma 50,000 ɗin da ta rage a adashinki ta ishe shi har da saura.

Abin da ya sa nake matsa miki ki gama wannan kafin ki biya shi ne, sauya suna bayan bugu yana da tsada. Bango mai launi faranti huɗu na injin ɗab'i ake yi masa, in suna ya sauya duk sai an sake. In an sa sunan a saman kowane shafi, cikin ma ya tafi. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da za ki karɓa daga Ɗakin Karatu na Ƙasa da sunan ake ɗaure ta, sabon suna sai sabuwar lamba. Ga shi littafinki kashi uku ne, sunan da kika sa wa na ɗaya shi zai ɗauki sauran. Ki kuma je Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ki ji sharuɗɗanta kafin bugu, ba bayansa ba.

Da ni ne ke, ba zan fara da kwafi 1,000 ba. Zan saki babi uku kyauta da sunan da ya ci gwaji, in buɗe zauren WhatsApp na masu biya, in sa sunan littafi da nawa da lambar kasuwancina a kowane shafi, domin dole wasu su tura wa wasu. In masu biya sun kai ɗari biyu ko uku, kin san akwai kasuwa, kuma kuɗinsu zai ɗauki wani ɓangare na ɗab'in. Ki ce wa mai ɗab'i ya rubuta miki farashin kwafi 500 da na 1,000 a takarda. Kowane kwafi zai fi tsada a 500 ɗin, saboda kuɗin faranti ɗaya ne, amma kuɗin da zai kwanta ya ragu. Kuma duk yadda aka yi, kada ki taɓa uwar kuɗin atamfa don buga kashi na biyu. Na ɗaya ne zai biya masa.

In kin gama gwajin, ki rubuto min yawan kafin alƙalamin da kowane suna ya samu, da farashin 500 ɗin, mu sake zama a kan lissafin.