Na karɓi kuɗin mutane, kaya ba su samu ba: in yi bonanza in sallame su?

Tambaya:

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Mabera, ɗiyana ukku, ƙaramin bai kai yaye ba, don haka ba ni fita. Shekara biyu ke nan ina sayar da atamfa, leshi, abaya da takalma ta WhatsApp. Ba ni aje kaya. Hoto nike sawa a sitatus, wadda ta so ta turo kuɗi, ni kuma in yi oda daga Kano a sako a mota. Haka aka koya muna a wani aji da na biya na shiga, aka ce wagga sana'a ba ta son jari. Ciniki kam ana yi, kusan kullum alat na shigowa. Amma da na zauna na ƙirga, mutum 14 ke bina kaya, kuɗinsu ya kai naira 410,000, abin da ke asusuna bai wuce 55,000 ba. Wallahi ban san inda suka tafi ba. Guda ta ce za ta sa hotona a Facebook, wata ta ce 'yan sanda za ta kai ni. Maigida bai sani ba. Ƙawata ta ce in yi bonanza ta kwana ukku, in karya farashi, kuɗi su taru in sallami masu matsa min, sauran a hankali. Ko kuma in ci bashin manhajar waya. Wanne ya fi? Barci ya gagare ni.

Uwar ɗiya ukku, Sakkwato

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, kada ki yi ko ɗaya. Yau ɗin nan ki sauke hotunan da ke sitatus ɗinki, kada ki ƙara karɓar ko kwabo na sabuwar oda sai kin san inda kike tsaye.

Bashin manhaja ba ya buƙatar dogon bayani. Kuɗin ruwa ne, wa'adinsa gajere, kuma da yawansu sai kin ba su izinin shiga lambobin wayarki kafin su ba ki. Ranar da kika makara, surukarki da malamin Islamiyyar yaranki za su iya samun saƙo cewa ke macuciya ce. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC take kokawa da masu irin wannan cin mutunci. Tonon asirin da kike gudu daga mace ɗaya, za ki saye shi da kuɗinki.

Bonanzar ce ta fi tsorata ni, domin tunanin da ke bayanta daga wannan ajin da kika biya ya samo asali. Ƙaryar da aka sayar muku ita ce wai kuɗin kwastoma jari ne. Babu makon da zai wuce ban ji wannan magana daga bakin wata baiwar Allah ba, daga Arkilla, daga Gawon Nama, daga Runjin Sambo, kowacce da wayarta a hannu tana nuna mini jerin alat, tana cewa "Hajiya duba ki gani, ciniki nake yi." Na gani. Amma alat yana nuna abin da ya shigo ne kawai, ba ya nuna nawa ne naki a ciki. A irin sana'arki, in 16,500 suka shigo, naki bai fi dubu ɗaya da 'yan kai ba. Sauran na mai shago ne a Kantin Kwari, da direba, da ɗan kabu-kabu. Wucewa kawai suke yi ta hannunki.

Kin ce ba ki san inda kuɗin suka tafi ba. Ni ina jin na sani, don hanyar kusan ɗaya ce. Mu ɗauka turmin atamfa 14,000 ne a Kano, kika sa shi 16,500. A ranki kin ci 2,500. Ba ki cire kuɗin mota ba, ba ki cire na yaron da ya ɗauko daga tasha ba, ba ki cire leda da data da cajin banki ba. Kai wa kwastoma gida kuma sau nawa kika ce "a bar shi, ai Hajiya ta gida ce"? Sai mai shago ya kira ya ce wancan zanen ya ƙare, sai mai 15,500. Kunya ta hana ki koma wa mai kaya ki ce ta ciko, kika cika da kanki. A wannan turmin faɗuwa kika yi, kina murna. Da yamma maigida bai dawo ba, gas ya ƙare, ƙaramin yana zazzaɓi, kika tura yaro wurin mai POS ya ciro 3,000. Washegari da za ki biya Kano kuɗin ba su cika ba, sai ga alat na wata mai son abaya, kika haɗa kika tura. Daga ranar kin fara cin bashi kina biyan bashi, kuma masu ba ki bashin ba su san sun ba ki ba. Anko na bikin ƙanwar ƙawa, gudummawar suna, zubin adashi, "ara mini zuwa ƙarshen wata": shekara biyu ana haka, 355,000 ba abin mamaki ba ne.

Ga kuma abin da masu ajin ba su taɓa faɗa muku ba: farashi ba ya jiran ki. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wadda ta karɓi kuɗin mutane a kan tsohon farashi, musamman masu firi-oda (a biya tun kaya ba su iso ba) na kayan Chaina da ke ɗaukar makonni kafin su iso, ita ta ɗauki bambancin a kanta. Mai shago a Sabuwar Kasuwa kayansa na gabansa, in farashi ya tashi ya tashe shi. Ke alkawari ne a hannunki, kuma alkawari ba ya tashi da dala.

Raina yana ɓaci da masu waɗannan azuzuwan, ba zan ɓoye ba. Mutum ya karɓi kuɗin rajista daga mata ɗari, ya ba su lambobin dilolin Kano da hotuna, ya koya musu rubuta "saura biyu kacal" a ƙarƙashin kayan da ba su taɓa riƙewa ba, bai ɗauki ko minti goma ya nuna musu yadda ake fitar da riba daga ciniki ba. Shi sana'arsa sayar da aji ce, ya riga ya ci ribarsa ranar da kika biya. In da kasuwancin ba jari yana yin arzikin da yake faɗa, da bai sami lokacin koyar da ku ba. Kuma mata masu zaman gida yake nema da gangan, don ya san kuna son abin kanku, ya san ba ku da halin zuwa kasuwa ku ga yadda 'yan kasuwar gaske ke lissafi.

Yanzu ki duba bonanzar da idon lissafi. Giɓinki 355,000 ne. Don mutane su yi rububi dole ki sa kaya ƙasa da yadda kike sayo su. Kin tara 355,000, kin sallami mutum 14, kin yi barci kwana biyu. To kayan waɗanda suka biya sabo fa? Sayo su zai ci wajen 390,000, ga asusu babu komai, masu binki sun koma ashirin da wani abu, dukkansu sun biya a mako ɗaya, dukkansu za su taso a mako ɗaya. Biyan na baya da kuɗin na gaba shi ne tsarin da MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai alkawarin riba mai yawa, ta tsaya a kai har ta rufe asusun mutane a watan Disambar 2016. Ke ba ki yi niyyar zamba ba, na yarda, amma lissafi bai san niyya ba, inda ya kai su nan zai kai ki.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Zuwa yau abin da ke kanki sakaci ne da bashi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki, wannan maganar kotu ce ko sulhu. Amma ranar da kika karɓi kuɗin mace da sunan za ki sayo mata leshi, alhali kin san a ranki wata za ki biya da su, kin shiga karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Dokar zamba ta 2006 ta yanka wa wannan ɗaurin shekara 7 zuwa 20, babu zaɓin tara, kuma EFCC tana da ofishi a nan Sakkwato. Saƙonninki na WhatsApp da bayanan asusunki sun ishi shaida. Ƙawarki da ta kawo shawarar ba za ta tsaya gaban alƙali tare da ke ba.

Ta fuskar addini ma maganar a fili take. Sahabi Hakimu ɗan Hizam ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da mutumin da zai zo neman abin da ba shi da shi, sai ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo. Aka ce masa kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Akwai cinikin salam, a biya yanzu a karɓa daga baya, da sharaɗin an san siffar kaya, an san adadi, an san ranar bayarwa, kuma kayan bashi ne a wuyanki har ki sauke. Akwai wakilci, ki ce wa mace "ba ni da shi, zan sayo miki, ladata kaza", to kuɗinta amana ne a hannunki, ba ki da ikon sayen ko magi da su. Tafsilin yana wurin malamai, ki tambaye su. Amma ko ta wace ƙofa kika shiga, babu inda aka ce kuɗin wadda ke jiran kayan lefen ɗanta ya zama na cefanenki. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Muna karanta ta a azumi kowace shekara, sannan mu riƙe ɗaruruwan dubban nairorin mutane babu ko layi ɗaya a takarda, mu ce ai yana cikin waya. Haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an biya ko an yafe. Mu ji tsoron Allah, mata 'yan'uwana. Wadda ta turo miki kuɗin nan wataƙila wata shida ta yi tana zubin adashi kafin ta haɗa su.

To ga abin da za ki yi. Ki sami littafin makaranta sabo, bayan yara sun kwanta ki zauna da wayarki. Kowace mace shafinta: sunanta, ranar da ta biya, nawa ta biya, me ta ce a kawo, nawa ne kuɗinsa a Kano yau. Ki nemi bayanin asusunki na wata shida, ki bi shi layi-layi da biro, duk abin da ya fita ba don kaya ba ki ja masa layi. Za ki ga kuɗinki da idonki, har da waɗanda ke hannun dangi da kika manta.

Sannan ki gaya wa maigida, da littafin a hannunki, kafin ya ji a majalisa ko ya tarar da ɗan sanda a ƙofar gida. Na san da nauyi. Zai yi faɗa, ki haƙura. In lissafi ya nuna wani kaso ya tafi a cefane da magani da kuɗin makaranta, ki nuna masa cikin ladabi, domin ciyarwa wajibinsa ce, kuma zai fi sauƙin sa hannu a biya in ya ga inda kuɗin suka shiga. Abin da kika mallaka, ɗan kunne ko akuya ko kwasar adashi, yanzu ne ranarsa. In akwai ɗan'uwa mai hali, rance marar ruwa a rubuce ya fi komai.

Masu binki kuma ki kira su da murya, ɗaya bayan ɗaya, kada ki tura rubutu, kada ki toshe kowa. Kashe waya da "mota ce ta lalace a Gusau" su ne ke kai mutane Facebook. Ki ce: "Hajiya, kayanki ban sayo ba, kuɗinki suna kaina, zan mayar miki kaza ranar kaza, ragowar ranar kaza." Ki faɗi ranar da za ki iya cikawa, ko da ta yi nisa, sannan ki tura mata a rubuce ta zama shaida. Wadda ta ambaci 'yan sanda ita za ki fara kira, in da hali maigida ko wani babba yana wurin. Bayanta sai masu biki a gaba, sai masu ƙananan kuɗi don yawan bakin ya ragu. 55,000 ɗin nan ki raba su a wannan makon, kada su kwana suna jiran wata buƙata ta cinye su.

Za a ce miki ki yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i, mutane su ƙara yarda da ke, ko ki cika fom ɗin tallafin da ake yawo da shi a guruf. Rajista tana da amfaninta nan gaba, amma takarda ba ta biyan bashi, kuma duk fom ɗin da aka ce ki biya kafin a sa sunanki, ko ki turo lambar sirrin da banki ya aiko miki, ɓarayi ne.

Ban ce ki bar sana'a ba. Macen da ta riƙe kwastomomi shekara biyu daga cikin ɗaki, da goyo a baya, ta iya ciniki. In kin sauke nauyin nan ki buɗe asusu na biyu wanda ba a sayen ko ruwan leda da shi. Kuɗin oda su tafi Kano a ranar da suka shigo, bayan kin kira mai shago ya tabbatar miki da kaya da farashin ranar. Ladarki ki cire ta sai kaya sun isa hannun mai su. Kada ki saki kaya a kan hoton rasit, ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna. Ki rage kala-kalar kaya, ki tsaya a abu ɗaya ko biyu da kika san kansu, ribar da ta taru ki sayi turmi uku ko huɗu ki aje a akwati, ki riƙa ɗaukar hotonsu da kanki a hasken rana. Ki sa wa sana'ar lokaci, misali bayan yara sun tafi makaranta da kuma bayan isha'i, ki sa wa manhajar banki makulli tunda wayar tana yawo a hannunsu. Duk ranar Juma'a ki haɗa abin da ke asusu da kuɗin kayan da ke akwati, ki cire abin da ake binki. In abin da ya rage ya gaza na makon jiya, kada ki sa sabon hoto sai kin gano dalili.